Fashin Baƙi: Abin da Ke Sa Na'urar Hazon Dandamali Ɗaukar Zafi, da Yadda Ake Gano Bakin Zaren

Na'urar hazo ita ce wadda ake ajiyewa a gefen dandamali ko a bayansa domin ta cika sararin zaure da wani siririn feshi da ido bai cika kula da shi ba, amma da zarar hasken fitila ya ratsa shi sai sandar hasken ta fito fili tun daga bakin fitilar har zuwa inda ta sauka. Ta sha bamban da injin hayaƙi, wanda ke feso farin gajimare mai kauri a lokaci guda sannan ya huta. Ita na'urar hazo aikinta shi ne ta yi ta fitar da kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i ba tare da numfasawa ba, kuma wannan doguwar tafiya ce ta sa matsalar zafi ta fi addabar ta. Sai dai idan mai haɗa fitilu ya kawo wa mai gyara na'ura ya ce tana ɗaukar zafi, bai faɗi cutar ba tukuna, domin mafi yawan waɗannan na'urori an ƙera su ne musamman don su yi zafi. Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne wane sashe ne ya yi zafin da bai dace da shi ba, kuma me ya kamata ya taka masa birki amma ya gaza. Wanda ya tsallake wannan tambaya ya shiga canza kaya, yakan kashe kuɗi sau biyu, wani lokaci ma ya mayar da ƙaramar matsala ta zama gobara.

Kafin a kwance ko da kusa ɗaya, wajibi ne a san irin na'urar da ke gaba, saboda ba hanya ɗaya suke bi wajen samar da hazon ba. Akwai masu hita, waɗanda ke tura ruwan da aka haɗa da gilaikol ko gilisarin ta cikin wani dunƙulen ƙarfe mai zafi ya zama tururi, sannan fanka ta baza shi. A wannan rukuni ake samun Unique ta kamfanin Look Solutions na Jamus, da jerin Hurricane Haze na Chauvet, da na'urorin JEM na kamfanin Martin. Akwai kuma masu kwamfuresa, irin su DF-50 ta kamfanin Reel EFX na Amurka da HZ-500 ta Antari, waɗanda ba su da hita ko kaɗan, iska mai ƙarfi ce kawai ke farfasa wani tataccen mai ya koma ɗigo-ɗigo ƙanana. Sai kuma irin Atmosphere ta kamfanin MDG na Kanada, wadda ta haɗa hita da tukunyar iskar gas. Masu hita su ne suka fi yawa a zaurukan biki da wuraren ɗaukar fim, su ne kuma suka fi kawo ƙorafin zafi, don haka a kansu za a fi tsayawa.

Cikin na'ura mai hita ba shi da sarƙaƙiya sosai. Daga tanki, ƙaramin famfo ne ke zuƙo ruwan ta cikin siririn tiyo mai matata a bakinsa, ya tura shi cikin wani bututun ƙarfe da aka murɗa aka binne a cikin dunƙulen alminiyam tare da sandar hita. An lulluɓe dunƙulen da audugar da ba ta cin wuta domin ya riƙe zafinsa. A jikinsa akwai wayar jin zafi da ke kai rahoto ga allon lantarki, shi kuma allon yana kunna hitar ko kashe ta ta hanyar makunnin lantarki da ake kira rile, ko wani ƙaramin makunni da ake kira tirayak. Daga ƙarshe akwai fiyus na zafi, wanda ba ya tsoma baki a aikin yau da kullum sai idan komai ya ƙwace. Tsarin daidai yake da na dutsen guga na lantarki, wanda ke ɗaukar wuta har ya kai matakin da aka saita masa, ya yanke, ya ɗan huce, ya sake ɗauka. Bambancin shi ne matakin zafin: furofilin gilaikol yana tafasa ne a digiri 188 na ma'aunin Salshiyas, gilisarin kuwa sai a wajen digiri 290, saboda haka dunƙulen yakan yi aiki ne tsakanin digiri 200 zuwa 300, gwargwadon ruwan da aka ƙera na'urar dominsa. Ke nan bakin bututun da hannu ba ya iya taɓawa ba alamar lalacewa ba ne. Abin damuwa shi ne idan murfin waje ya yi zafin da ba a saba ji ba, ko warin ƙuna ya tashi, ko na'urar ta mutu gaba ɗaya a tsakiyar aiki.

Akwai wata tsayawa da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ɗaukar zafi alhali kuwa akasinsa ce. Kowane ɗigon ruwa da ya shiga dunƙulen yana tafiya da wani kaso na zafinsa, kuma idan aka ƙure ƙarfin fitarwa har hitar ta kasa mayar da abin da ake ɗiba, allon zai dakatar da famfo har sai zafin ya dawo. Na'urar za ta yi shiru, fitilar shiri ta mutu, bayan minti ɗaya ko biyu ta ci gaba da kanta. Wannan yana ƙaruwa idan wutar da ke shigowa ta yi rauni: hita mai wat 1500 da aka ƙera don bolt 230, idan wuta ta sauka zuwa bolt 190, abin da za ta iya bayarwa bai wuce wat 1020 da 'yan kai ba, wato ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Alamar wannan yanayi ita ce hazon yakan fito da danshi, wani lokaci har a ga ɗigon ruwa a ƙasan bakin bututun. Na'urar da ke tofar da ruwa sanyi ne ya yi mata yawa. Haka nan ya kamata a cire wayar DMX, wato wayar da ke kawo umarni daga teburin fitilu, a gwada na'urar ita kaɗai da maɓallanta, domin saƙon da ke yankewa daga teburin fitilu ko agogon da aka saita aka manta da shi duk suna iya sa ta tsaya ta tashi ba tare da zafi ya shigo cikin maganar ba.

Idan an tabbatar zafi ne na gaskiya, wurin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne iska, domin a nan aka fi samun laifin kuma a nan gyara ya fi arha. Kamfanoni da dama suna rubuta digiri 40 a matsayin iyakar zafin wurin da na'urar za ta yi aiki, suna kuma neman a bar mata fili na aƙalla rabin mita daga bango ko labule. Duk wanda ya san bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san cewa a watannin Afrilu da Mayu iskar waje kanta tana haura wannan iyaka, balle kuma bayan dandamali, inda babu taga, ga fitilu da amfilifaya suna ta zuba nasu zafin. A irin wannan wuri dunƙulen hitar ba shi ne ke wahala ba, tunda shi dama ɗaruruwan digiri yake nema. Masu wahala su ne allon lantarki da famfo da tirayak, waɗanda suka dogara da iskar da ke ratsa akwatin don su huce. Masu ƙawata zaure kuma suna da ɗabi'ar ɓoye na'urar don kada ta ɓata hoto, sai su cusa ta ƙarƙashin dandamali ko su yafa mata ƙyalle. Fanka mai ƙarfi tana iya janyo gefen labulen da ke rataye kusa da ita ya manne a kan ragar shigar iska, kuma da yake labulen baƙi ne a cikin duhu, babu wanda zai lura har sai na'urar ta mutu.

Idan aka buɗe murfin na'urar da ta yi shekara tana aiki ba a taɓa share ta ba, abin da ake tararwa yakan bayyana komai. Hazon da ta fitar yana dawowa ta ragar baya ya kwanta a kan fikafikan fanka da allon lantarki a matsayin wani maiƙo mai yauƙi, kuma da yake gilaikol da gilisarin suna janyo danshi, wurin ba ya bushewa. Ƙurar hunturu sai ta zo ta liƙe a kai, wani maiƙon ya sake hawa, har abin ya zama wani datti mai kauri mai launin ruwan ƙasa da ake iya kankarewa da farce. Ramukan raga sukan toshe rabi, fikafikan fankar su yi nauyi, ƙarfen da aka ɗaura wa tirayak don ya sha masa zafi ya lulluɓe gaba ɗaya. Hura iska kaɗai ba ta cire wannan datti. Sai an goge raga da fikafikai da tsumma mai ɗan danshi, allon kuwa a wanke shi da buroshi mai laushi da sifirit na goge kayan lantarki, a bar shi ya bushe sarai. A juya fankar da yatsa bayan an zare filogi: idan ta tsaya nan take ko tana ƙara, boris ɗinta ya gaji. A lura kuma cewa wasu na'urorin fanka biyu gare su, babba mai baza hazo da ƙarama mai sanyaya allo, kuma ƙaramar tana iya mutuwa da daɗewa ba a sani ba saboda ƙarar babbar ta rufe shirunta. Daga nan sai a gyara mazaunin na'urar yadda bayanta zai riƙa shaƙar iska mai tsabta maimakon hazon da ta fitar.

Matsalar da ta fi haɗari ita ce ta hitar da ta ƙi yankewa. A nan ne ya kamata mai gyara ya yi aiki da awo maimakon zato, kuma mitar da ake maƙala wa waya don auna amfiya ta fi komai amfani. Hita mai wat 1500 a kan bolt 230 tana jan amfiya 6.5 ko kusa da haka. A na'ura mai lafiya za a ga wannan adadi tun daga kunnawa, sannan idan ta kai matakinta ya faɗi ƙasa sosai, ya riƙa hawa da sauka yayin da allon ke riƙe zafin. Lokacin ɗumamar farko yana rubuce a littafin kowace na'ura, daga minti guda a irin su Unique zuwa mintoci da yawa a wasu. Idan wannan lokaci ya wuce da tazara amma allurar ba ta motsa ba, a zare filogi nan take, kada a tsaya jiran abin da zai faru. Amma kafin a zare, a kalli abin da fuskar na'urar ke nunawa, domin wannan kallo guda shi ke raba hanya gida biyu. Idan ta nuna cewa ta shirya, ko ma ta nuna gargaɗin zafi, amma wuta na ci gaba da shiga hitar, to allon ya ba da umarnin yankewa makunnin ne ya ƙi bi. Idan kuwa har yanzu tana cewa tana ɗumama alhali dunƙulen yana ƙauri, to allon ne ake yi wa ƙarya, kuma laifin yana wajen wayar jin zafi.

A ɗauki na biyun da farko, tunda shi ya fi ruɗar mutane. Na'urori da yawa suna amfani da wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe kansu, waɗanda ke haifar da 'yar ƙaramar wuta gwargwadon zafin da mahaɗarsu ta ji. Nau'in da aka fi sani, mai alamar K, yana ba da kimanin maikrobolt 41 a kan kowane digiri, wato a digiri 250 abin da ke isa allon bai wuce milibolt 10 ba. Saƙo mai ƙanƙanta haka abu kaɗan ke gurɓata shi. Idan wayar ta tsinke gaba ɗaya, da sauƙi, domin yawancin alluna suna gane hakan su ƙi kunna hitar. Masifar tana zuwa ne idan kan wayar ya zame daga raminsa saboda jijjigar mota a hanyar zuwa wuraren biki, sai ya koma auna iskar da ke kusa da dunƙulen maimakon dunƙulen kansa. Haka nan idan rigar wayoyin ta ƙone suka taɓa juna a wani wuri nesa da hitar, allon zai riƙa karanta zafin wannan wurin ne. Akwai kuma kuskuren masu gyara, na juya ƙafafun biyu wajen mayarwa, wanda ke sa adadin ya riƙa sauka yayin da zafi ke hawa, ko na ƙara wa wayar tsawo da tagulla ta yau da kullum. A duk waɗannan, allon yana ganin sanyi, yana kuma ci gaba da zuba wuta. Ƙananan na'urori masu arha ba su da wannan tsari, wani ɗan maɓalli ne mai lanƙwashewa da zafi aka ɗaure a jikin dunƙulen, kuma shi ma idan kusarsa ta saki haka zai yi jinkirin yankewa.

Wajen tabbatar da ainihin zafin dunƙulen, bindigar auna zafi daga nesa ba abin dogaro ba ce a kan alminiyam mai ƙyalli, domin takan nuna adadin da ya gaza na gaskiya da nisa. Gara a yi amfani da mita mai nata bakin awo a manna shi a jikin ƙarfen, a kwatanta da abin da na'urar ke nunawa.

Idan makunnin ne, binciken gajere ne. Rile da ya yi ta buɗewa da rufewa a kan amfiya shida ko bakwai na tsawon shekaru, bakinsa yakan ci wuta har wata rana ya narke ya manne. Tirayak kuwa idan zafi ya kashe shi, galibi a haɗe yake mutuwa, wato ya bar wuta tana wucewa ba tare da neman izini ba. Bayan an zare filogi, mita za ta nuna cewa ƙafafun da ya kamata a ce sun rabu a haɗe suke. Sai dai canza tirayak kaɗai bai isa ba idan ba a tambayi abin da ya kashe shi ba, kuma sau da yawa amsar tana komawa ga dattin da aka ambata da fankar da ta mutu, ko ga man da ake shafawa tsakaninsa da ƙarfen sanyayawa wanda ya bushe. A wannan zama ne kuma ya dace a auna hitar kanta. Mai wat 1500 ya kamata ta nuna kusan om 35, mai wat 1000 kuma kusan om 53, sannan kada a sami wata hanya ko kaɗan tsakanin ƙafarta da gangar jikin na'urar. Hitar da ta fara zubar da wuta a jiki ba ta gyaruwa, kuma a zauren da soket ɗinsa ba shi da wayar ƙasa tana iya kama duk wanda ya taɓa akwatin.

Duk waɗannan laifuffuka suna ƙarewa ne a kan fiyus na zafi, kuma a nan ne ake tafka ɓarnar da ta fi kowace muni. Na'ura ta mutu ana saura awa biyu a fara biki, mai gyara ya gano fiyus ya tsinke, ya ɗauko guntun waya ya haɗe wurin, na'ura ta tashi, kowa ya yi murna. Abin da aka manta shi ne fiyus ɗin bai tsinke don ganin dama ba. Ya tsinke ne saboda dunƙulen ya wuce iyaka, kuma abin da ya sa ya wuce yana nan bai tafi ko'ina ba. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma hitar da babu mai tsayar da ita tana iya doshin wannan mataki a cikin akwatin da ke ɗauke da tankin roba, a gefen labule da katako. A ganina babu wani biki da ya kai wannan kasada, kuma mai gyaran da ya mayar da na'ura da fiyus a haɗe ya fi wanda ya ce ba zai iya gyarawa ba laifi. Fiyus ɗin da za a saka dole ne ya zo daidai da digiri da amfiyar da aka rubuta a jikin tsohon, a matse shi da maƙalin ƙarfe maimakon a liƙa shi da dalma, tunda zafin liƙin kansa yana iya tsinka shi, sannan a mayar da shi daidai mazauninsa na asali. Wasu na'urorin maɓallin da ake dannawa ya dawo suke da shi a madadinsa, kuma shi ma danna shi sau biyu ba tare da bincike ba daidai yake da haɗe fiyus.

Wutar da ake ba na'urar ita ma tana da nata kason. Kayan da aka sayo na hannu daga Amurka yawanci na bolt 120 ne, kuma idan aka soka irin wannan a wutar bolt 230 hitarta za ta ja ƙarfin da ya ninka nata fiye da sau uku da rabi, abin da ba ya ɗaukar lokaci kafin ya ƙone allo da famfo. Wanda zai yi amfani da tiransifoma ya tabbatar ƙarfinta ya zarce na na'urar da rata mai kyau. Janareta da ke hauhawa zuwa bolt 250 yana ƙara wa hita mai wat 1500 kusan kashi 18 cikin ɗari. Allo mai lafiya zai iya riƙe zafin dunƙulen duk da haka, amma wayoyi da makunni su ne ke shan wahalar. Sau da yawa ma warin ƙunar da ake ji ba daga hitar yake ba. A duba kawunan wayoyin da ke shiga ƙafafun hitar: idan wanda ya kamata ya yi fari ya koma ruwan toka ko baƙi, rigarsa ta yi tauri tana marmashewa a hannu, to ya saki ne yana haifar da nasa zafin, kuma sai an yanke shi an sa sabo da waya mai jure zafi. Haka filogi da ya yi laushi ko ya canza launi, da doguwar wayar da aka bari a naɗe a kan gangarta ana jan amfiya shida ta cikinta.

Sai batun ruwan hazon, wanda ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Ana cewa idan tanki ya ƙare hita za ta ƙone, amma a na'ura mai lafiya ba haka ba ne, domin allon zai yanke wuta ko da ruwa ko babu. Wanda ke ƙonewa shi ne famfo, saboda ruwan da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi yana kuma sa masa santsi. Famfon da ke aiki a bushe ƙararsa takan yi kaifi, jikinsa ya yi zafi cikin ɗan lokaci. Haka yake wahala idan bututun cikin dunƙulen ya fara toshewa, sai dai a nan ƙarar takan dushe, hazon ya ragu, mai aiki ya ƙara ƙarfin fitarwa, famfon ya ƙara shan wuya. Toshewar tana zuwa ne daga ruwan da ya kwana a cikin bututu mai zafi ya dahu ya zama baƙin gawayi, ko daga gishirin ruwan rijiya da na burtsatse a wurin masu haɗa nasu ruwan da gilisarin na kemis. Kowace na'ura an saita zafinta ne daidai da ruwan kamfaninta, saboda haka ruwan da ke tafasa a ƙasa da wannan mataki zai ƙone, wanda ke tafasa a sama da shi kuma zai fito a jiƙe. Zuba man na'urar kwamfuresa a cikin mai hitar da aka ƙera don gilaikol kuwa neman gobara ne kai tsaye.

Dalilin da ya sa ba a wasa da warin ƙuna ya wuce batun kare na'ura. Gilisarin da ya sha zafi fiye da kima yana rikiɗewa ya ba da akrolin, gilaikol kuma yana iya ba da fomaldehaid da danginsa, kuma dukkansu suna yaji a ido da maƙogwaro. Binciken da makarantar likitanci ta Mount Sinai da kamfanin ENVIRON suka gudanar a kan 'yan wasan Broadway a birnin New York, wanda aka fitar a shekarar 2000, ya ba da shawarar kada gilaikol ya haura miligiram 40 a kowace mita kubik ta iska, man kuma kada ya haura 25. Iyakar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa wa akrolin kuwa miligiram 0.25 ce kacal a aikin awa takwas. Wannan tazara ta isa ta nuna cewa hazon da ya ƙone wani abu ne daban da hazon da aka saba. Idan ya fito da launin rawaya ko ruwan ƙasa, ko mawaƙa suka fara tari da hawaye, a kashe na'urar a buɗe ƙofofi.

Masu kwamfuresa lissafinsu ya fi sauƙi, tunda zafinsu daga mota yake fitowa, wato injin lantarkin da ke juya kwamfuresar. Matatar iska da ta toshe, da kafasitar da ta yi rauni har motar ke gurnani kafin ta tashi, da wutar da ta yi ƙasa, su ne manyan dalilai. A nan raunin wuta yana ƙara zafi ne, saɓanin abin da yake yi wa hita, domin mota takan ja amfiya fiye da kima idan bolt ya gaza. Motar da aka ƙera don wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa kuma takan yi tafiyar hawainiya ta ƙara ɗumi a kan wuta mai bugu 50. Yawancinsu suna da makarin da ke yanke wuta ya dawo da kansa idan sun huce, shi ya sa ake ganin suna mutuwa suna farfaɗowa.

Game da wanke bututu, kamfanonin ba su yi ittifaƙi ba. Wasu suna ba da shawarar a riƙa tura haɗin tataccen ruwa kashi 80 da farin ruwan khal kashi 20 bayan kowace awa 40 ta aiki, wasu kuma sun hana zuba komai in ban da ruwansu, don haka littafin na'urar shi ne alƙali. Tataccen ruwa a nan ana nufin wanda aka tafasa aka tara tururinsa, ba ruwan leda ba, kuma wanda zai saya a wurin masu batir ya tabbatar ba mai asid aka ba shi ba. Bututun da ya toshe ƙurmus ba ya buɗewa da wanki, sai dai a canza dunƙulen. Na'urori masu tsada, irin na MDG, suna busa bututunsu da kansu bayan an daina fitar da hazo, kuma wannan yana buƙatar a kashe su ta hanyar da aka tsara, a ba su 'yan mintocin da suke nema. A wurin da ake ɗauke wuta ba sallama, ko mai janareta ya kashe da zarar an tashi daga taro, wannan shara ba ta samuwa, sai ruwan ya kwana a cikin zafi. Ya kamata a riƙa kashe na'urar hazo tun kafin a sallami mai janareta.

Bayan kowane gyara, kada a mayar da na'urar dandamali sai an gwada ta a fili, a kan siminti, nesa da duk abin da ke cin wuta, da mitar amfiya a maƙale da kuma hannu kusa da filogi. A ga ta ɗumama cikin lokacin da littafinta ya faɗa, a ga wutar ta yanke ta dawo sau da yawa, sannan a rufe murfin a bar ta tana fitar da hazo na aƙalla awa guda, domin wasu laifuffukan, musamman na tirayak da na fankar allo, ba sa bayyana sai akwatin yana rufe kuma ya ɗauki ɗumi. Duk lokacin da za a sake sa hannu a ciki, a zare filogi a jira rabin awa ko fiye, saboda audugar da ke lulluɓe da dunƙulen tana riƙe zafinsa daɗewa bayan murfin waje ya huce.